Shekarar da Aka Sayar da Bahago

Ku da kuke zuwa nan bayan la'asar kuna zama a kan kwalayena kuna shan sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin nan, na san yadda kuke kallon aikin nan. Kuna ganin mutum ya shimfiɗa riga, ya ɗora suna, ya danna ƙarfe, ya ɗaga, shi ke nan an gama. Har na ji wani a cikinku yana cewa in ya samu makbas, wato injin dannawan nan mai zafi, zai buɗe shago a ɗakin kwanansa. To bismilla. Amma kafin ka saya, zauna ka ji yadda sana'ar buga suna da lamba a rigar wasa take, daga bakin wanda ya tsufa a cikinta a kan titin Mansur, nan Makka.

Aikin farko da aka ba ni a hannu lamba huɗu ce. Ina yaro a unguwar Tandabawi mahaifina ya kai ni wurin Usta Yahaya, wani tela Bajawe, ɗan asalin tsibirin Jawa, wanda kakanninsa suka zo hajji suka zauna kamar yadda namu suka yi. A lokacin babu injin yanka, babu kwamfuta. Akwai kwali da aka zana haruffa da lambobi a kai, akwai almakashi, akwai keken ɗinki mai zigizag. Ka ɗora kwalin a kan yadi mai kauri, ka zagaye da alli, ka yanka, sannan ka ɗinke a bayan riga. Na yanka huɗun nan na kai masa ina jin daɗi. Ya ɗaga ta sama, ya juya ta, ya ce, "Ya walad, wannan huɗu ce ko kujerar da ta karye?" Ya jefa a kwando. Sai da na cika masa kwandon nan da huɗu kafin ya bar ni na taɓa biyar. Dalilinsa shi ne, huɗu tana da rami a ciki mai kusurwa uku, wanda ya iya fitar da ramin nan da almakashi ba tare da ya yaga gefe ba, zai iya sauran.

Daga wurinsa na koyi cewa rigar ƙwallon kwando ba irin ta ƙwallon ƙafa ba ce. Yadinta raga-raga ne, duk ƙananan huji, ga santsi. Ba ta da hannu, saboda haka babu inda za ka kama ka daidaita tsakiya sai wuya da hammata. Sunan kuma sau da yawa a lanƙwashe yake zama a saman lamba, kamar baka. In ka kauce da faɗin yatsa ɗaya, a kan tebur ba za ka gani ba, sai mai ita ya sa ya juya baya, ka ga sunan ya gangara kafaɗa ɗaya.

Da injuna suka zo, na ɗauka wahala ta ƙare. Sai ta sake kama. Yanzu roba ce ake yankawa, injin yana yanka ta a juye kamar a madubi, kai kuma ka bi da ƙugiyar allura kana tsince abin da ba a so. Wata jar riga ta koya mini abin da ba a rubuta a jikin injin ba. Na buga mata farin suna tas, mai ita ya tafi da murna. Bayan 'yan kwanaki ya dawo, sunan ya koma ruwan hoda. Ashe in zafi ya yi yawa, rinin jan yadi yana tasowa ya shige cikin farar roba a hankali. Kowane launi da zafinsa, kowane yadi da daɗewar da yake jurewa. Ka ƙara kaɗan, yadin ya yi ƙyalli kamar an goga masa mai, kuma ba ya komawa. Ka rage kaɗan, wankin farko haruffan su fara ɗagawa.

Masu ƙwallon ƙafa su ne abincin yau da kullum, amma masu ƙwallon kwando su ne masu hayaniya. Ba su da yawa a Makka, sai dai duk wanda ya kamu ya kamu. Wasannin Amurka da asuba suke zuwa mana, saboda haka suna gani bayan salla, su wuce aiki da jajayen idanu, da yamma su taru a nan. Abin da ya fara ba ni mamaki, rabin maganarsu ba a kan wasa ba ce. A kan kwantiragi ce. Wa ya rage masa shekara, wa za a musanya da wa, wane kulob ne ya kai iyakar albashin da doka ta yarda ya biya 'yan wasansa gaba ɗaya. Wai akwai rufi, in kulob ya wuce shi sai ya biya tara mai nauyi. Na taɓa tambaya, to mutum da kuɗinsa a hana shi biya? Suka yi mini ca, kowa yana bayani lokaci guda.

Biyu ne jagororin gardamar. Bandar, ɗan unguwar Rusaifa, akawu ne a wani otal kusa da Harami, Hausarsa rabi Larabci ce. Mu'azu kuma direban kai saƙo ne, iyayensa Sakkwatawa, bakinsa ba ya shiru. Kulob ɗaya suke so, masu shuɗiyar riga, kuma ɗan wasa ɗaya suke mutuwa a kai, wani dogo mai jefa ƙwallo da hannun hagu. Sunansa yana da wuyar faɗa, sai muka sa masa Bahago. Tun yana sabon shiga yake kulob ɗin nan. Rigarsa na fi bugawa a duk rigunan kwando, har hannuna ya haddace tazarar haruffansa, ba na buƙatar ma'auni.

A shekarar da nake ba ku labari, kwantiragin Bahago yana shekararsa ta ƙarshe, kulob ɗin kuma yana cin wasa. Wani dillali a Jidda ya kira ni ya ce shuɗayen riguna marasa suna sun sauka, masu kyau, amma ba ya sayarwa da ɗai-ɗai, sai kwali-kwali. A al'adata ba na buga suna sai mai riga ya tsaya a gabana. Amma azumi na tahowa, lokacin da gasar unguwanni take cika mini shago da aikin ƙwallon ƙafa, ba zan samu sararin kwando ba. Na ga gara in buga su tun da wuri in jera. Da yamma na tambayi majalisa.

Bandar ya gyara zama. Ya ce, "Ya Ammu Umar, buga. Wallahi buga. Doka ta ba kulob ɗinsa dama ya biya shi fiye da yadda kowane kulob zai iya. Shi ya ce yana son garin. Su kuma in suka sake shi, wa zai sayi tikiti? Mustahil."

Mu'azu ya ce, "Mai kulob ɗin marowaci ne. Sun riga sun taɓa rufi. In suka ba shi abin da ya kamata, tarar za ta fi albashin zafi."

"Kai kana kai shawarma gida-gida, me ka sani a hisabi?"

"Na san marowaci in na gan shi. Ba ya ba da na shayi."

Aka yi dariya. Na juya ga Mu'azu na ce, "To kai kana ganin za su sayar da shi?" Ya sosa kai, ya ce, "A'a, Kawu. Ko mahaukaci ba zai sayar da Bahago ba. Sai dai su sallami wasu." Ka ga ke nan har mai gardamar ya yarda. Na je Jidda na cika mota. Abin da na tara don sabon injin yanka, shi na zuba a ciki.

Na buga su cikin natsuwa, manya da ƙanana har da na yara. Aiki ne da nake alfahari da shi har gobe. Farin suna mai baƙin gefe a kan shuɗi, ninki biyu na roba, kowanne a lanƙwashe daidai. Na jera su a bango tun daga ƙofa har bayan kanta.

Wata safiya na ɗaga ƙofar shago, ban ko kunna makbas ba, sai ga motar Mu'azu ta tsaya a karkace, rabi a kan titi. Ya fito bai rufe ƙofa ba. Ya miƙo mini waya. Rubutun Turanci ne, na ce masa ya faɗa mini da baki.

"Sun sayar da shi."

"Wa?"

"Bahago, Kawu. Sun musanya shi. Da wasu mutum biyu da ba wanda ya san su."

Na ce ƙarya ce, irin labaran da yara ke ƙirƙira. Ya ce shi ma haka ya ɗauka, har ya ga kulob ɗin da kansa ya sa hoton ban kwana. Na juya na kalli bango. Ban san na zauna ba sai da na ji sanyin tayil.

Kafin azahar shagon ya cika. Mutanen da ya kamata suna wurin aiki duk sun gudo. Bandar ya zo da rigar otal a jikinsa, ya tsaya a tsakiya yana maimaita, "Mu ma'aƙul. Mu ma'aƙul." Wai hankali ba zai ɗauka ba. Ya ciro waya yana nuna lissafi ga duk wanda ya kalle shi, yana cewa ko da tarar, da sun iya. Mu'azu bai ce masa na gaya maka ba, don shi ma kuka ne ya rage masa. Wani ya ce dole akwai ciwon da aka ɓoye. Wani ya ce ya yi faɗa da koci. Wani saurayi ya tuɓe rigar da na buga masa a bara, ya fita waje ya kunna mata wuta a bakin kwata. Yadin nan roba ne, ya narke yana ɗiga yana baƙin hayaƙi. Baba Ɗanladi mai tsire, maƙwabcina na dama, ya fito da bokitin ruwa ya watsa, ya ce, "Kai ɗan nan, in baladiyya, jami'an hukumar gari, suka zo, ni za su rufe wa wuri, ni ne mai wuta a layin nan!"

Ba wanda ya kalli bangon sai da yamma, da hayaniya ta lafa. Bandar ya ɗaga kai, ya bi jerin da ido tun daga ƙofa. Ya ce a hankali, "Ya Ammu, samihni, ka yafe mini." Na ce masa ba shi ya sayar da mutumin ba.

Tun daga ranar ba a sake sayen ko ɗaya ba. Masu son kulob ɗin ba sa son ganin sunan. Masu son Bahago suna son sunan, amma a kan rigar sabon kulob ɗinsa, baƙa. Na rage farashi, ba a taya ba.

A nan ne aikin da ba ku taɓa gani ba yake shigowa, wato cire suna. Bugawa kowa zai koya. Cirewa ita ce sana'a. Ka juya rigar ciki waje, ka ɗiga maganin narkar da gam ta bayan harafi, ka ja yadin ta gefe biyu har bakin robar ya ɗaga, ka kama da hantsaki ka ɓanɓare a hankali. Bayan nan gam yana saura, ka bi shi da tsumma. In ka yi gaggawa, ragar ta yage. In ka yi daidai ma, wani lokaci inuwar sunan tana nan, ka karkata rigar a haske ka karanta shi sarai. Nawa kuma ninki biyu ne, kuma na danna su da kyau don kada su taɓa fita. Ingancin aikina shi ya zama abokin gabana.

Na ƙudura zan cire su duka in mayar da su marasa suna. Maganin yana da wari mai hawa kai, a jikin gwangwanin an rubuta a yi aiki da shi a fili. Amma rana ta fara zafi, ga ƙurar titi tana manne wa gam. Wata ranar bayan azahar na ja ƙofar gilashi, na kunna mukayyif, na zauna da tari a gabana. Na tuna kaina ya fara sarawa. Na tuna na ce bari in gama wannan in tashi. Abin da na sani bayan nan, ina kwance a kan titi, Baba Ɗanladi yana yi mini fifita da kwalin da yake hura gawayi, mutane sun kewaye ni, motar asibiti tana kuka. Ashe Baba Ɗanladin ya zo karɓar canji ne ya hango ƙafafuna ta bayan kanta. Tsohon nan shi kaɗai ya jawo ni waje.

Likita ya ce da an ƙara jimawa, da wani labarin ake yi. Ya hana ni kusantar maganin har sai ƙirjina ya warke. Na yi kwanaki a asibiti, na yi makonni a gida. Azumi ya shigo shagona a rufe, aikin gasar unguwanni duk ya tafi wurin wani a Rusaifa, wasu kuma ba su dawo ba har yau. Waɗanda na samu na cire kafin in faɗi, kaɗan ne, kuma rabinsu da inuwa. Sauran na sauke daga bango na mayar cikin kwalaye.

Bayan hajji sai ga Hajiya Rabi. 'Yar kasuwa ce daga Maraɗi, duk shekara tana zuwa, in an sauko daga Mina ta bi Mansur tana haɗa kayan da za ta aika gida. Tana neman rigunan yara masu araha ne aka nuna mata ni. Ta buɗe kwali ɗaya, ta ɗaga riga, ta ja yadin, ta shinshina.

"Malam Ummaru, mi ya sami kayan ga? Sabbi ne."

Na gaya mata gaskiya, mai sunan ya bar kulob ɗin.

"To shi ya bari. Rigar ta bari?"

Ta taya duka, har masu inuwar, a farashin da bai kai abin da na biya dillalin Jidda ba, balle roba da wahala. Hayar shago ta zo wuya. Na kira Bandar da Mu'azu, ba don shawara ba, don dai su taya ni ɗauka. Bandar ya ce, "Sayar, ya Ammu. Wannan babin an rufe shi. Ba ɗan wasan da ake wulaƙantawa haka ya waiwayo." Su biyun suka loda kwalayen a motar Mu'azu, suka kai wurin masu aika kaya. Na share bango na ce alhamdulillahi.

Ba a yi wata guda ba aka buɗe kasuwar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare, lokacin da kowa ke da 'yancin zuwa inda ya ga dama. Majalisa ta dawo da zafinta. Kullum ana lissafin wane kulob ne ke da sarari a ƙarƙashin rufi da zai ɗauki Bahago, ana ambaton uku ko huɗu. Ni na daina sa baki, ina aikina.

Ina cikin tsince wata lamba da safe, sai na ji birki. Motar Mu'azu ce, a karkace. Wannan karon su biyu ne, Bandar ya riga shi fitowa.

"Ya koma!"

"Wa ya koma ina?"

"Bahago! Ya koma gida! Ya yarda da albashin da bai kai rabin abin da wasu suka taya ba, don ya shiga ƙarƙashin rufi. Ya ce 'ya'yansa a garin aka haife su."

Na ajiye allurar. Na ce, "Kulob ɗin da ya sayar da shi?"

"Shi."

"Da lambarsa?"

"Da lambarsa, ya Ammu."

Muka tsaya mu uku muna kallon bangon da babu komai a kai. Mu'azu ne ya fara cewa innalillahi, kamar an yi mutuwa.

Da la'asar layi ya kai ƙofar Baba Ɗanladi. Kowa shuɗiya yake so, da sunan, yau-yau. Har wanda ya ƙona tasa yana cikin layin, yana sunkuyar da kai. Na kira dillalin Jidda, ya ce shuɗi ya ƙare, kulob ɗin ma ya canja fasalin riga, sabuwar sai bayan watanni. Yaran kuma suka ce ai tsohuwar suke so, wadda ya sa kafin a sayar da shi, ita ce mai tarihi.

Bandar ya ce in ba shi lambar Hajiya. Ya kira a gabana, ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Ya gaishe ta da Hausarsa mai tsami, ya tambaya ko kayan suna nan.

Ta ce, "Sun iso lafiya lau, ɗana. Da farko ba su tafiya. Amma yau da safe jikana ya shigo da gudu yana ihu, wai mutumin naku ya koma gida. Yanzu samari har daga Damagaram suke aikowa."

"Hajiya, ko za ki mayar mana da kwali ɗaya? Za mu biya kuɗin jirgi."

Ta yi dariya har da tari. "Kwali? Riga ɗaya dai zan iya ajiye maka, don darajar Malam Ummaru. Amma farashin Maraɗi za ka biya, ba na Makka ba."

Ya biya. Wani mai zuwa umara ne ya kawo ta a cikin jakarsa bayan watanni, a naɗe cikin leda tana ƙanshin yaji. Bandar ya shigo da ita a hannu biyu, ya shimfiɗa a kan teburina. Aikina ne, na gane shi tun daga ƙofa. Zafin hanya ya ɗan ɗaga bakin harafin ƙarshe.

Ya ce, "Ya Ammu, a danna mini. Amma don Allah a hankali, daga waje aka kawo ta."